Kuɗi, Bashi da Ƙuri'a a Majalisun Duniya

 

Sau da yawa kuna ji a labarun rediyo an ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi taro. Wani lokaci a ce an hana wata ƙasa jefa ƙuri'a. Wani lokaci kuma a ce Bankin Duniya ya ba da rance. Yau za mu duba abin da ke bayan waɗannan labaru. Wa ke biyan kuɗin majalisun duniya? Me ke samun ƙasar da ta kasa biya? Wanda ya fi biya, maganarsa ta fi ta saura ƙarfi? Ku karanta sannu a hankali. Inda kuka gamu da lissafi, ku ɗauki alli ku rubuta shi a allo.

MU FARA DA ABIN DA MUKA SANI

Da yawa daga cikinku kuna cikin koperatif na manoma. Kun san koperatif ba ta tafiya sai da kuɗi. Akwai gyaran magaza, akwai sikeli, akwai littafin da magatakarda ke rubutu a ciki. Saboda haka kowa yana kawo zubinsa. Ranar taro kuwa, mai gona goma da mai gona ɗaya, kowane hannu ɗaya yake ɗagawa.

Akwai kuma wata irin haɗaka. Ƴan kasuwa uku su haɗa jari su sayi babbar mota. Ɗaya ya sa rabin kuɗin, sauran biyu su cika. In za a yanke shawara a kan motar, maganar mai rabin jari ita ke rinjaye, kuma ba mai jin mamaki.

Ku riƙe waɗannan misalai biyu. Majalisun duniya ma haka suke. Wasu suna bin tsarin koperatif, wasu suna bin tsarin masu mota.

MAJALISAR ƊINKIN DUNIYA

An kafa Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ake kira ONU a taƙaice, a shekarar 1945, bayan yaƙin duniya na biyu. Ƙasashe 51 suka kafa ta. Yanzu ƙasashe 193 ke ciki, 54 daga cikinsu na Afirka ne. Nijar ta shiga ran 20 ga Satumba 1960, makonni kaɗan bayan samun ƴancin kai. Babban gidan Majalisar yana birnin Niyok, a ƙasar Amurka.

A cikin gidan akwai manyan zauruka biyu. Na farko shi ne Babban Zaure, inda dukan ƙasashe ke zama. A nan kowace ƙasa ƙuri'a ɗaya gare ta. Sin mai mutane fiye da miliyan dubu tana da ɗaya, Nijar tana da ɗaya. Wannan shi ne tsarin koperatif. A wannan zaure ake amincewa da kasafin kuɗin Majalisa, a nan kuma ake zaɓen ƙasashen da za su riƙe wasu kujeru.

Na biyu shi ne Kwamitin Sulhu, mai kula da yaƙi da zaman lafiya. Kujeru 15 ne a ciki. Goma ana zaɓen su ne, su yi shekara biyu su sauka. Nijar ta zauna a kan irin wannan kujera sau biyu: daga 1980 zuwa 1981, da kuma daga 2020 zuwa 2021. Sauran kujeru biyar na dindindin ne: Amurka, Rasha, Sin, Ingila da Faransa. In ɗaya daga cikin biyar ɗin nan ta ce ba ta yarda ba, magana ta mutu, ko da sauran 14 sun yarda. Wannan shi ake ce wa hawan kujerar na-ƙi.

Kada ku ɗauka kuɗi ne ya saya musu waɗannan kujeru. Sun same su ne domin su ne manyan ƙasashen da suka ci yaƙin duniya. Japan da Jamus, kowace tana biyan Majalisa fiye da abin da Ingila ko Faransa ko Rasha ke biya, amma ba su da kujerar dindindin. Afirka ma ba ta da ita. Tun 2005 ƙasashen Afirka suka haɗa baki suna neman kujerun dindindin biyu, har yau ba a ba su ba.

YADDA AKE RABA ZUBI

Kafin mu shiga lissafi, ga gargaɗi. Majalisa tana lissafi da dalar Amurka. Ba dalar kasuwarmu ta tamma biyar ba ce. Dalar Amurka ɗaya ta fi tamma 500 na sefa. Miliyar ɗaya kuwa miliyan dubu ke nan.

A shekarar 2025, kasafin kuɗin aikin yau da kullum na Majalisa ya ɗan wuce dalar Amurka miliyar uku da rabi. Da shi ake biyan ma'aikata, da tafintoci, da kuɗin taro. Akwai kuma wani kasafi dabam na sojojin kiyaye zaman lafiya, masu shuɗiyar hula. Shi ya wuce miliyar biyar.

Ba daidai wa daida ake raba zubin ba. Ana duba arzikin da ƙasa ke samu a shekara, da yawan mutanenta, da bashin da ke kanta. Ƙasar da mutanenta ke da ƙaramin samu ana yi mata ragi. Bayan kowace shekara uku a sake lissafi.

Bari mu sauƙaƙa. Mu ce dukan kuɗin da Majalisa ke bukata jika ɗari ne, wato tamma 100.000. Bisa rabon da aka yi na 2025 zuwa 2027:

Amurka za ta kawo jika 22.
Sin za ta kawo jika 20.
Japan za ta kawo kusan jika 7.
Jamus za ta kawo jika 5 da rabi da ɗoriya.
Ƙasar da ke cikin jerin matalauta, kamar Nijar, ba za a aza mata fiye da tamma 10 ba, wato dala biyu.
Ƙasar da ta fi kowa ƙaramin kaso za ta kawo tamma ɗaya tak.

Ku haɗa na Amurka da na Sin: jika 42 ke nan. Ƙasashe biyu kaɗai suna ɗauke da abin da ya kusa rabin kaya.

Wannan rabo yana canzawa. Da aka fara, a 1946, Amurka tana biyan kusan jika 40 cikin ɗari. Ta yi ta neman ragi, har a shekarar 2000 aka yarda cewa ba ƙasar da za a aza wa fiye da jika 22. Ita kuwa Sin, a shekarar 2000 jika ɗaya kawai take biya. Da arzikinta ya ƙaru, kasonta ya yi ta hawa har ya kai inda yake yanzu.

DOKAR BASHI

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ƙasashe ma sukan makara wajen biya. Saboda haka tsarin mulkin Majalisa ya tanadi doka, ita ce doka ta 19. Ga abin da take nufi: in bashin da ake bin ƙasa ya kai zubinta na shekara biyu cikakku, to ta rasa ƙuri'arta a Babban Zaure. Ba a kore ta ba. Jakadanta zai zauna a kujerarsa, zai iya yin jawabi. Amma ranar ɗaga hannu, ba a ƙirga nasa.

Dokar tana da sassauci. In an tabbatar cewa rashin biyan ba da gangan ba ne, wani abu ne ya fi ƙarfin ƙasar, kamar yaƙi ko matsanancin talauci, Babban Zaure yana iya barin ta ta yi zaɓe. Somaliya, da tsibiran Komoro, da Sawo Tome sun samu wannan rangwame shekaru da yawa. Kuma ba dole ne ƙasa ta biya dukan bashinta ba kafin a mayar mata da ƙuri'a. In ta biya abin da zai sauko da shi ƙasa da zubin shekara biyu, ya isa.

Wannan doka ta taɓa Nijar. A watan Janairu 2021, babban magatakardan Majalisa, Antonio Guterres, ya fito da sunayen ƙasashe goma da bashinsu ya kai wannan iyaka. Nijar tana ciki, alhali a lokacin tana zaune a Kwamitin Sulhu. Abin da ake nema ta biya don ta fita daga jerin bai kai dalar Amurka dubu bakwai ba, wato bai kai miliyan huɗu na sefa ba. Kafin watan Yuni sunanta ya fita. Kun ga ashe ƙaramin kuɗi, in an yi jinkirin biyan sa, yana iya toshe bakin ƙasa guda.

Iran ma tana cikin jerin na 2021. Ita fiye da dala miliyan 16 ake nema ta biya. Tana da kuɗin, amma takunkumin Amurka ya sa an riƙe su a bankunan waje. Sai a watan Yuni aka bari ta biya daga kuɗinta da aka tsare a Koriya ta Kudu, sannan aka mayar mata da ƙuri'a. Benezuwela kuwa ta rasa tata sau da yawa tun daga 2016.

IN BABBA YA ƘI BIYA

Yanzu ku tambayi kanku: in mai kawo jika 22 ne ya ƙi biya, wa zai tilasta masa?

An taɓa gwada wannan. A farkon shekarun 1960 Majalisa ta aika sojoji ƙasar Kwango. Tarayyar Sobiyet da Faransa suka ce ba su yarda da aikin ba, don haka ba za su biya ba. A 1962 Kotun Duniya ta ce kuɗin nan wajibi ne a kan kowa. Duk da haka ba su biya ba. A 1964 bashin Sobiyet ya kai iyakar shekara biyu. Amurka ta ce a bi doka. Amma ƙasashe suka ji tsoron kada Sobiyet ta fice, Majalisa ta watse. Sai aka yi dabara: aka yi zaman wannan shekara kusan gaba ɗaya ba tare da jefa ƙuri'a ba, don kada a kai ga hana kowa. A 1965 Amurka ta janye maganarta. Dokar da ke kama ƙananan ƙasashe ba ta kama manyan ba.

Daga baya Amurka da kanta ta zama wadda aka fi bi bashi. A ƙarshen shekarun 1990 ta kusa rasa ƙuri'arta, sai ta biya abin da zai tsirar da ita. A shekarar 2025 bashin da ake bin ta na kasafin yau da kullum ya kai wajen dala miliyar ɗaya da rabi. Majalisa ta shiga matsi, ta rage ma'aikata. A watan Oktoba 2025 ta ba da sanarwar rage kusan kashi ɗaya cikin huɗu na sojojin kiyaye zaman lafiya.

Wannan ya shafe mu. Yawancin sojojin nan daga ƙasashen Afirka da Asiya suke fitowa. Sojojin Nijar sun yi irin wannan aiki a Kodibuwar da Mali. Majalisa ce ke mayar wa ƙasa kuɗin da ta kashe a kan sojojinta. In manya ba su biya ba, ƙasashen da suka ba da ƴaƴansu su ke jira.

Ku lura kuma, doka ta 19 a Babban Zaure kawai take aiki. Ko nawa ake bin mai kujerar dindindin, ikonsa na cewa na-ƙi a Kwamitin Sulhu yana nan.

Wani misali shi ne UNESCO, hukumar ilimi da al'adu, wadda ta daɗe tana tallafa wa yaƙi da jahilci a ƙasashe irin namu. A 2011 ta karɓi Falasɗinu a matsayin mamba. Amurka ta yi fushi ta daina biya. Bayan shekara biyu, a 2013, ta rasa ƙuri'arta. Amma hukumar ita ma ta rasa fiye da kashi ɗaya cikin biyar na kuɗinta, dole ta rage ayyuka. Amurka ta fice a ƙarshen 2018, ta dawo a 2023, sannan a 2025 ta sake ba da sanarwar ficewa.

KUƊIN KYAUTA

Ban da zubi na dole, akwai kuɗin da ƙasashe ke bayarwa don ganin dama. Hukumar abinci ta PAM, da hukumar yara ta UNICEF, da irin wannan kuɗi suke aiki. Hukumar ƴan gudun hijira ta HCR ma kusan dukan kuɗinta na kyauta ne. Kun san su, domin kun ga buhunan hatsinsu a shekarun fari, kun ga allurar rigakafin yara.

Kuɗin kyauta ba a tilasta wa kowa. Mai bayarwa yana iya cewa a kashe su a ƙasa kaza, a kan aiki kaza. Yana iya dainawa ranar da ya ga dama. A 2025 Amurka da wasu ƙasashen Turai sun rage taimako ƙwarai, har PAM ta rage abincin da take rabawa a ƙasashe da yawa.

Wani lokaci kuma taimako yakan zama igiya. A watan Nuwamba 1990 Kwamitin Sulhu ya yi zaɓe a kan yaƙi da Iraƙi. Yaman ta ce ba ta yarda ba. Ba a daɗe ba Amurka ta yanke taimakon wajen dala miliyan 70 da take ba ta. A 2017 ma Amurka ta yi barazanar yanke taimako ga duk wanda ya saɓa mata a kan maganar birnin Ƙudus. A wannan karo barazanar ba ta ci ba: ƙasashe 128 suka saɓa mata, tara kawai suka tsaya a ɓangarenta.

INDA ƘURI'A KE BIN JARI

Yanzu mu koma ga masu mota. A 1944 aka shirya kafa hukumomi biyu: Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wanda ake kira FMI, da Bankin Duniya. Dukansu suna birnin Washinton. Nijar ta shiga a 1963.

A nan ba ƙasa ɗaya ƙuri'a ɗaya ba ce. Kowace ƙasa tana sa jari gwargwadon arzikinta, ƙuri'unta kuma su bi jarinta. A FMI ƙasashe 191 ne. In aka raba ƙuri'u kashi ɗari, Amurka tana da 16 da rabi. Japan da Sin kowace tana da wajen 6. Dukan ƙasashen Afirka 54 in an haɗa su, ba su kai 7 ba. Ƙuri'un Amurka sun ninka na Nijar wajen sau 300.

Ga wani lissafi, ku yi shi a allo. Manyan shawarwari a FMI, kamar sake rabon jari, sai kashi 85 cikin ɗari sun yarda. Ku cire 16 da rabi daga ɗari. Saura 83 da rabi. Bai kai 85 ba. Ma'ana, in Amurka ita kaɗai ta ƙi, ba a yi. Bisa al'ada kuma, Amurka ce ke ba da shugaban Bankin Duniya, Turai ta ba da shugaban FMI.

Ƙasashen da suka fi zuwa neman rance su ne masu ƙarancin ƙuri'a. Rancen kuwa da sharuɗɗa yake zuwa. A farkon shekarun 1980 kuɗin uraniyom ya faɗi, bashi ya yi wa Nijar nauyi, a 1983 ta ƙulla yarjejeniya da FMI. Sharuɗɗan irin waɗannan shekaru sun haɗa da rage kashe kuɗin gwamnati da sayar da wasu kamfanoninta. Manya daga cikinku suna tuna watan Janairu 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi. Kayan waje suka yi tsada, daga magani har takin zamani.

Akwai kuma sauƙin da aka samu. A 1996 aka ƙirƙiro shirin yafe wa matalautan ƙasashe wani ɓangare na bashinsu. Nijar ta cika sharuɗɗansa a watan Afrilu 2004, aka yafe mata kaso mai yawa. A 2021, lokacin annobar korona, FMI ya raba wa ƙasashe abin da ya kai dala miliyar 650. Amma da yake bisa jari aka raba, Afirka duka wajen miliyar 33 ta samu, wato kashi 5 cikin ɗari. A 2024 an ƙara wa ƙasashen Afirka na kudu da Sahara kujera ta uku a majalisar gudanarwar FMI mai kujeru 25. Yawan ƙuri'unsu dai bai ƙaru ba.

MU FA A AFIRKA?

Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka an kafa ta a 1963 a Adis Ababa. A 2002 ta zama Tarayyar Afirka. Ita ma tana fama da rashin biyan zubi. Shekara da shekaru, babban kaso na kuɗin ayyukanta daga waje yake zuwa, musamman daga Turai. Ko babban ginin da take taro a ciki, wanda aka buɗe a 2012, Sin ce ta gina shi kyauta. An ce wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Don haka a 2016, a birnin Kigali, shugabanni suka yanke shawara: kowace ƙasa ta cire tamma biyu daga kowace jika ɗaya ta kuɗin wasu kayan da ake shigowa da su daga wajen Afirka, ta ba Tarayya. Wasu ƙasashe sun fara, da yawa ba su fara ba. A 2025 ƙawancen AES, wato Nijar da Mali da Burkina Faso, shi ma ya sa irin wannan kuɗi a kan kayan waje: tamma biyar a kowace jika, don ya riƙe kansa.

Ku lura da inda kuɗin ke fitowa. Zubin da ƙasa ke biya daga baitulmali yake fita. Baitulmali kuwa da lanhonku da kuɗin duwan ake cika shi. Rancen da aka ci yau, ku da ƴaƴanku za ku biya. Shi ya sa ya kamata ku san ko nawa ne, da abin da aka yi da shi.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA

Ku zauna da malaminku ku amsa waɗannan:

1. Ƙuri'a nawa Nijar take da ita a Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya? Nawa Amurka take da ita?
2. Bashin shekara nawa ke sa ƙasa ta rasa ƙuri'arta?
3. In ɗan kasuwa ya shigo da kayan jika 200, kuma ana cire tamma biyar a kowace jika, nawa zai biya?
4. A koperatif ɗinku, me kuke yi wa wanda bai kawo zubi ba? In mai kuɗin garin ne ya ƙi biya, hukuncin ɗaya ne?
5. Wane tsari kuka ga ya fi dacewa da majalisun duniya, na koperatif ko na masu mota? Me ya sa?

Ku rubuta amsoshinku da hannunku, ku ba malaminku ya aiko mana.